Zuwa ga Yayana, kan maganar shagon kayan gyaran mota

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya jikin Inna? Na ji daɗi da ka ce ƙafar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Mu ma a nan lafiya ƙalau, aiki sai godiya, sanyi ne dai ya fara shigowa.

Saƙonka ya iso. Ka ce babban yaronka ya ƙudurta shiga sana'ar kayan gyaran mota, kana so in gaya maka yadda ake yinta a nan Amurka, tunda ka ji an ce komai a kwamfuta yake. Na so in amsa maka a waya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin waya. Gaskiya ne, yanzu komai a kwamfuta yake. Sai dai abin da nake so yaron nan ya koya, a nan ɗin ma ƙarewa yake yi, ni kuwa kewarsa nake ji har cikin raina.

Lokacin da na zo ƙasar nan na samu aiki a gareji, akwai wani shago da muke sayen kaya a wurinsa, na wani dattijo ne da ya gada daga mahaifinsa. In ka shiga ba za ka ga kaya a baje ba. Doguwar kanta ce ta katako ta tare hanya, bakinta ya yi sulɓi saboda gogar hannun kanikawa. A gabanta kujeru masu dogayen ƙafafu, a kanta kuma kundayen kamfanoni ne aka jera a jikin ƙarfe guda, tsawon jerin ya haura kamu biyu, gefen takardun duk ya yi baƙi da shatin yatsu. Bayan kantar sai layukan kwalaye har rufi, kowane kwali da lambarsa. Tun daga bakin ƙofa warin baƙin mai da sabuwar roba zai tare ka.

Wata rana na kai masa altanetar wata tsohuwar mota, wato na'urar da ke cajin batir, tana ta kuka. Bai tambaye ni sunan motar ba. Ya ɗauke ta ya juya kan da yatsa, ya kara a kunne, ya ce boris ɗin gaba ne. Ya shiga ciki ya fito da ɗan kwali da bai cika tafin hannu ba, an rubuta 6203 a jiki. A tsaye a wurin ya nuna mini yadda ake karanta lambar boris: wannan 03 na ƙarshe, ramin tsakiya ke nan, milimita 17. Daga 04 zuwa sama kuwa ninkawa za ka yi da biyar, 6204 milimita 20, 6205 milimita 25. Ya ce in ka san wannan, ko motar daga wace ƙasa ta fito ba za ta ba ka tsoro ba, domin mai ƙera mota ba shi ke ƙera boris ba, saya yake yi. Sannan ya ɗora mini burushi guda biyu a kai, ya ce tunda ka riga ka buɗe ta, ka canza su, kada mai motar ya dawo maka wata mai zuwa. Altanetar nan ta koma jikin mota da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Bayan shagon akwai ɗaki na biyu, shi ne ma na fi kewa. Akwai injin fere durom ɗin birki, akwai na danna boris, akwai na wasa bawul. Ka kai durom da safe ya yi zane, kafin azahar an fere shi, an auna an tabbatar bai wuce iyakar da aka buga a jikinsa ba. In ya wuce, dattijon ba zai fere ba ko ka roƙe shi, zai ce ran mutum ne a kai. Kanikawan unguwa kuma a nan suke haɗuwa. Kana jiran kayanka za ka ji wani yana ba da labarin motar da ta ƙi tashi da zafi, wani ya ce duba kwayil, wani ya ce a'a, mai ne ke tafasa a layi. Rabin abin da na sani game da motocin ƙasar nan a kan waɗannan kujeru na tsince shi.

Na sha tambayar kaina yadda mutum ɗaya ya iya riƙe duk wannan a kansa. Daga baya na gane motocin da kansu ne suka ba shi dama. Ɗauki fitilar gaba. Daga 1940 har zuwa 1983 doka ce a ƙasar nan kowace mota ta yi amfani da fitila mai rufaffen gilashi, wadda ƙwai da gilashi duk abu guda ne. Da farko ma girma ɗaya tak aka yarda da shi, zagayayye mai inci 7, daga baya aka ƙara ƙarami da masu kusurwa huɗu. Ka ga mai shago in ya ajiye 'yan nau'o'in nan ya gama da fitilar kowace mota a gari. Haka wutar inji: kontak da kondensa da rota da fulogi, tsarin da ya yi aiki tun wajen 1910 har cikin shekarun 1970. Haka kafireta: ba sabuwa kake saya ba, 'yar leda ce za a ba ka mai gasket da allura da 'yan robobi, ka kwance ka wanke ka mayar. An ƙera motar ne don a riƙa buɗe ta, shagon kuwa an cika shi da ƙananan abubuwan da ke ƙarewa a ciki.

Canjin bai zo rana ɗaya ba. Wutar lantarki ta zamani ta kori kontak. A 1981 aka daidaita lambar jikin mota ta zama haruffa da lambobi 17, ta yadda in ka buga ta za a san ƙirar motar da injinta da shekararta. Zuwa farkon shekarun 1990 injekta ta gama korar kafireta daga sababbin motoci. A 1996 kuma doka ta wajabta wa kowace sabuwar mota soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura ta karanto abin da ƙwaƙwalwar motar ta ajiye. A gefe guda manyan kamfanoni suna ta buɗe rassa. O'Reilly ya fara a jihar Mizuri a 1957, AutoZone a jihar Akansas a 1979, yau kowannensu yana da shaguna sama da 6,000. Sai kuma ciniki ta intanet ya zo ya ƙara a kai.

Ba zan zalunce su ba, Yaya. Suna buɗe har dare, suna buɗe ranar hutu, suna ba da aron kayan aiki, abin da babu a reshe ɗaya a kawo maka daga wani kafin yamma. Ni ma a wurinsu nake saya. Zamanin da ma ba duka ne alheri ba. Ƙurar lainin birki ta wancan lokaci akwai asbesto a ciki, ta cuci huhun kanikawa da yawa. Fetur ɗin akwai dalma. Kontak kullum cikin gyara da canji ake, alhali fulogin yanzu akwai mai yin mil 100,000 ba a taɓa shi ba. Motar yau ta fi ta da lafiya, wannan ba abin musu ba ne.

Abin da ke damuna shi ne wanda ke tsaye a bayan kanta. Yanzu in ka shiga, tambaya uku ce: wace shekara, wane kamfani, wane ƙira. In ba ka da amsa ciniki ya tsaya, ko da kayan na hannunka kana nuna masa. Kwanakin baya wata baiwar Allah ta zo garejinmu, fitilar gargaɗi ta kama a motarta. Ta riga ta je wani shago an jona mata na'ura, lamba ta fito P0171, aka sayar mata da sansar salansa, wato 'yar na'urar da ke auna iska a cikin hayaƙi, aka ɗaura, fitila ta dawo. Lambar nan abin da take cewa kawai shi ne iska ta yi wa mai yawa a cikin inji. Ba ta ce ga mai laifi ba. Na buɗe gaban motar tana kunne, na ji tana tsotsar iska, na bi da hannu har na kai ga wata 'yar tiyo da ba ta wuce tsawon yatsa ba, ta bushe ta tsage ta ƙasa. Ita ce duk matsalar. Ban ga laifin yaron da ya sayar mata ba, abin da allo ya nuna masa ya bi, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa, kuma galibinsu ba sa daɗewa a aikin balle su koya. Amma na san da dattijon nan ta samu, kafin ya taɓa kwali zai tambaye ta yadda motar ke yi in an tsaya, zai ce a ciro masa fulogi ɗaya ya ga launinsa. Baƙi mai toka, mai ya yi yawa. Jiƙe da baƙin mai, zancen ringi ne ko robar bawul. Fari fat, mai ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa.

Ƙananan kayan ma suna ɓacewa daga kan kanta. Boris ɗin ƙafa yanzu a motoci da yawa a rufe yake cikin gidansa, sai dai ka sayi gidan gaba ɗaya. Famfon mai yana zuwa haɗe da duk abin da ke cikin tanki. Altaneta ko kik in ta samu matsala, ka miƙa tsohuwar a ba ka wadda aka sabunta a masana'anta. Yana da sauri, na yarda. Sai dai ina aiki da samari masu ƙwazo da ba su taɓa ganin cikin kik ba, sun iya cirewa da ɗaurawa, in ka tambaye su me ya mutu a ciki sai su yi shiru. Wannan shi ke sa ni baƙin ciki, domin ba rashin basira ba ce, ƙofar ce aka rufe musu.

Shagon dattijon ya rufe. Ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa kowa ya kama wani aikin, aka sayar da ginin. Na je ranar da ake kwashe kaya. Injin fere durom wani ya saye shi a matsayin ƙarfe, kundayen nan kuwa a kwandon shara na gan su. Ya hango ni ya kira ni, ya zaro guda ɗaya ya ba ni, littafin da ke nuna wane boris da wace robar mai ke shiga madadin wane, kamfani da kamfani. Gefen shafukan cike yake da rubutun hannunsa, inda ya gano littafin ya yi kuskure ya gyara, inda ya gano kayan wata mota na shiga wata ya rubuta. Ban iya ce masa komai ba sai godiya.

Sana'ar dai ba ta mutu ba. Matsakaicin shekarun motocin da ke kan titi a ƙasar nan ya haura 12, duk kuwa suna neman gyara. Mutane ma sun fara farga: a jihar Masachusets an kaɗa ƙuri'a a 2012, aka sake a 2020, kan cewa dole kamfanonin mota su bar masu gareji masu zaman kansu su samu bayanan gyara.

To ga shawarata game da yaron. Kada ka yi gaggawar kama masa shago. Ka fara kai shi gareji, ya wanke kaya, ya kwance ya ɗaura, hannunsa ya san bambancin boris mai lafiya da wanda ya fara ci. Wanda bai taɓa kwanciya ƙarƙashin mota ba, ba zai gane abin da bakanike ke nufi ba in ya zo da gaggawa yana kwatance da hannu. Bayan nan ka nemo masa dattijo a cikin sana'ar, mai amana, ya zauna a ƙarƙashinsa ko da ba za a biya shi abin kirki ba, domin abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya mallaki ma'aunin kauri ya iya karanta shi, ya riƙe littafi yana rubuta abin da ya shiga wace mota. Ya riƙa ajiye ƙananan kaya, washa da noti da burushi da robobi, ribarsu kaɗan ce amma su ke dawo da bakanike wurinka. In kaya na asali ne ya ce na asali ne, in kwaikwayo ne ya faɗa, mai saye ya zaɓa da idonsa a buɗe, musamman abin da ya shafi birki da sitiyari. Kwamfuta da na'urar gwaji kuwa lallai ya koye su, ba zai yi sana'ar nan a yau ba tare da su ba, kuma na san cikin 'yan watanni zai fi ni iyawa. Wancan ilimin na hannu da ido ne ke cin shekaru.

Littafin dattijon zan aiko masa da shi tare da ma'aunin da na ce, da zarar na samu amintaccen mai tahowa. Ka ce masa ya kira ni ranar da ba ni da aiki, ina so in ji daga bakinsa ko shi ke son sana'ar ko gani ya yi abokai na yi.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ka gaida maiɗakinka da yara da duk wanda ya tambaye ni. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Ƙaninka.