Babana, kar ka tura ma kowa ko kwabo

Assalamu alaikum Babana, ya karatu ya sanyin Ingila? Mu nan zafi ya kankama, albasa ta cika Aliero har ba wurin aje ƙafa, kuɗinta kuwa ya faɗi kamar kullum.

Ka san ni da rubutu a waya, in ka ga na sa tabarau na zauna ina latse-latse to ba lafiya ba. Yayarka ce bakinta ya suɓuce jiya da dare, kuma kar ka yi mata faɗa, ni na tsare ta sai da ta faɗi. Wai ka sa tsohuwar kwamfutarka gwanjo a eBay, kasuwar nan ta intanet, wani ya aiko maka saƙo ka cire ta shi zai biya sama da duk tayin da anka yi, ku koma WhatsApp ku ƙarasa, yanzu kuma wai ya turo kuɗi har da ƙari, ƙarin nan ka tura ma direban da zai zo ɗaukar kaya. Kuma wai ka ce mata kana tunani. Tunanin mi Babana?

Shekara talatin ina ciniki tsakanin Jega da Aliero har Legas, ban taɓa ganin mai saye ya ƙara ma kansa kuɗi ba. Mai saye na gaskiya ragi yake nema, ya juya kaya ya kushe, ka ce albarka ya tafi ya dawo. Wanda bai ga kaya ba, bai tambayi ko batirin yana riƙe caji ba, ya ce a sallama masa da ƙari, wannan ba kwamfutarka ta kawo shi ba.

Ka tuna shekarar bikin yayarka da buhu 40 ɗin nan. Mutum da babbar riga wankakka, mota tsaye tana jira, wayata ta yi ƙara na duba na ga sunan banki da kuɗi cif, na ce yara ku loda. Washegari a Birnin Kebbi yarinyar banki ta juyo min da kwamfutarta da hannu ɗaya ta ce Alhaji duba da kanka, babu abin da ya shigo. Har yau innarka in ta so tsokanata nan take taɓowa, amma ni ban ɗauke shi wauta ba, lokacin wa ya san alat na bogi? Ba wanda ya gargaɗe ni. Kai ko ga shi ana gaya maka.

Da asuba daga masallaci gidan kawunka na banki na wuce, na karanta masa abin da yayarka ta turo, tun ban kai ƙarshe ba yake girgiza kai. Ya ce imel ɗin da ke cewa an biya ka, kuɗin suna riƙe sai ka aiko lambar bin sawun kaya, alat na bogi ne da ya sa kwat. Kowa na iya manna tambarin eBay ko na PayPal, kamfanin nan na biyan kuɗi ta intanet, a kan takarda. Kuma ai eBay yanzu su da kansu ke karɓar kuɗin mai saye su zuba ma mai kaya a akawun ɗinsa na banki, to mi ya kawo wata wasiƙar PayPal tana riƙe maka kuɗin gwanjo? Ya ce ka rufe imel ɗin, ka buɗe manhajar eBay da hannunka, in an biya za ka gani a wurin cinikin, in saƙonsu ne na gaskiya za ka same shi a akwatin saƙonninka na can. In babu to babu. Ka latsa sunan wanda ya aiko ka ga adireshin da ke ɓoye ƙasa, sau da yawa za ka tarar Gmail ne ko an sauya harafi ɗaya, kuma ba su kiran sunanka, sai dai "ya kai mai sayarwa", ga gaggawa, wai awa 24 ko a rufe maka shago. Linkin da ke ciki kar ka taɓa, shafi ne mai kama da na gaske, kana sa lambar sirrinka ka miƙa musu makulli. Lambar OTP kuwa ko ni ubanka na tambaye ka kar ka ba ni. Maganar ku koma WhatsApp dabara ce ta fitar da kai daga inda ake da shaida, kamar mai saye ya ce ku bar gaban dillali ku zaga bayan rumfa. Wanda ya ce ka saya masa katin kyauta ka karanto masa lambobi, wannan ko amsa kar ka ba shi.

To duk wannan asara ce kawai, kwamfuta ce, Allah na mayarwa. Abin da ya hana ni barci daban ne. Kawunka ya ce wani lokacin kuɗin suna shigowa da gaske, amma na sata ne daga akawun ɗin wani bawan Allah, kai kuma ka karɓa ka tura gaba da hannunka. In mai kuɗi ya kai ƙara sunan wa za a gani? Ɓarawon ba shi da suna ba shi da gida, kai ke da fasfo da adireshi da makaranta. Ya ce a dokar Ingila wuce da kuɗin sata ta akawun ɗinka laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara 14, banki ya rufe maka akawun, kuma ɗalibai baƙi irinku su ake farauta. Kai ɗan Najeriya, da wannan lamba ta 419 da ke bin koren fasfo ko'ina, wa zai tsaya ya saurari "ban sani ba"? Na kwana ina ganin an sauko da kai daga jirgi. Na ga kaina ina shiga masallacin Juma'a mutane suna sunkuyar da kai. Kakanka da ka ci sunansa ko allura ba a taɓa cewa ya ɗauka ba.

Kuma bari in tambaye ka, gwanjo na tura ka? Fadamar nan da na rabu da ita kawunnanka suna ta surutu har yau wasu ba mu gaisawa sosai, don ka je ka zama ɗan gwanjo na sayar da ita? In kuɗi sunka yanke maka ba ni da baki ne ko ba ni da waya? Wannan zurfin cikin naka tun kana ƙarami shi ke ba ni tsoro, sai abu ya ɓaci a ji.

Na san don ka rage min nauyi kake yi, na sani, Allah ya yi maka albarka. Ban hana ka sayar da kayanka ba, ciniki gadonka ne. Ka bar kwamfutar a gwanjo har lokacinta ya cika, wanda ya fi tayi ya biya ta cikin eBay, ka ga kuɗi da idonka sannan ka aika, ka ɗauki hoton kayan da rasit ɗin gidan waya ka aje. Wancan mutumin kar ka ƙara ce masa uffan, ka kai ƙararsa wurin eBay, in kuma wani kuɗi ya riga ya shigo maka kar ka taɓa ko fam ɗaya, ka kira bankinka yau ɗin nan, da lambar da ke bayan katinka.

Ka turo ma kawunka hoton imel ɗin yana jira. Innarka ba ta sani ba tukuna, ban gaya mata ba saboda hawan jininta, tana dai tambaya ko yajin da ta aika ya iso. Ka kira ni bayan isha'i, namu na nan ba naku ba.

Mahaifinka