A riƙa kiran likitan ƙwaƙwalwa zuwa ɗakin yara tun da wuri

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku in yi magana kan wani aikin asibiti da jama'armu ba su saba da shi ba, wato zuwan likitan ƙwaƙwalwa ɗakin da aka kwantar da yara don ya duba yaron da ciwon jiki ya kawo. Da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai hankali ya tafi asibitocin masu taɓin hankali na Dawanau ko Barnawa ko Kware, uwa ta ce ita ɗanta ba mahaukaci ba ne. Tana da gaskiya. Akasarin yaran da ake kira a duba, zazzaɓi ne ko magani ko firgita ya taɓa musu hankali, kuma da yawansu suna warkewa sarai idan an gano dalilin da wuri.

Aikin yana farawa ne da takardar neman shawara daga likitan yara, kuma daga nan ake fara yin kuskure. Sai a rubuta "a zo a duba" kawai. Ya kamata takardar ta faɗi shekarun yaro, ciwon da ya kawo shi, ranar da halinsa ya sauya, magungunan da yake sha, da tambayar da ake son amsarta. Wanda aka kira kuma ba ya fara zuwa gadon yaro. Fayil yake fara karantawa, ya bi takardar magani layi-layi yana kwatanta ranar da aka fara kowane magani da ranar da yaron ya rikice. Sannan ya nemi nas ɗin da ta kwana a ɗakin, domin ita ta ga abin da masu zagayen safe ba su gani ba. Sai mai jinya. A nan a kula: wani lokaci wadda ke zaune bakin gado gwaggo ce da ta zo jiya daga ƙauye, ba ta san yadda yaron yake ba kafin ciwo. A nemi uwa ko kakar da ta raine shi, a tambaye ta: "Mama, makon jiya haka yake?"

Abin da ya fi yawa shi ne ruɗewar ciwo. Yaro mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko sanƙarau, ko taifot, ko ciwon ƙoda, sai ya kama sambatu, yana fizge robar ƙarin ruwa, yana cewa ga wasu nan a bango. Alamarta ita ce tana zuwa cikin sa'o'i ko kwana biyu, ta lafa da hantsi ta tsananta da dare, kuma yaro ba ya iya tsayar da hankalinsa. Ɗan shekara takwas zuwa sama, a ce ya ƙirgo daga 20 zuwa 1, ko ya jero ranakun mako daga Asabar ya yi baya. In ya ɓace a tsakiya, an sami alama. Akwai kuma wadda ba ta da hayaniya, yaro ya yi lamo yana kallon wuri ɗaya, ba ya kuka, ba ya neman uwarsa. Wannan ita ake yawan tsallakewa, har a yaba masa a ce yaro ne mai haƙuri, alhali ƙwaƙwalwarsa ce ke cikin wahala. Abin yi na farko shi ne auna sukarin jini nan take, da iskar jini, da zafin jiki, da gishirin jini. Ɗaure yaro a gado ko yawan ɗirka masa diyazefam, maganin nan mai sa barci, yana ƙara rikita shi kuma yana iya danne numfashi. Diyazefam na mai jijjiga ne. A bar uwa kusa da shi, a buɗe taga da rana, a rage fitila da hayaniya da dare.

Sai illar magani, wadda ta fi jawo a gudu da yaro daga asibiti. An ba yarinya Plasil don amai, ko haloferidol don ta natsu, bayan sa'o'i ko kwana ɗaya wuyanta ya murɗe, ido ya kafe sama, harshe ya zazzago. Dangi su ce iska ce, su nemi sallama. Yarinyar kuwa tana jin duk abin da ake faɗa, tsoka ce ta ɗaure. A tsayar da maganin, a ba da na warware shi irin su Artane, a yi wa iyaye bayani da Hausa mai sauƙi. Ba wanda ya hana addu'a da tofi a bakin gado, abin da ake roƙo kawai kada a cire yaro daga magani, kuma kada a turara masa hayaƙi. Haka fenobabiton na farfaɗiya yana iya mayar da yaro mai ƙiriniya da saurin fushi, a yi ta dukansa a gida da makaranta. Firedinisolon da ake ba mai kumburin ƙoda shi ma yana hana barci ya sauya hali, amma shi ba a yanke shi farat ɗaya, a hankali likita ke rage shi.

Wanda ya fi damuna shi ne matashi ko budurwar da aka kawo ta sha fiya-fiya. Ana yi mata allurar atirofin mai karya gubar, numfashi ya daidaita, a rubuta kuskure ne, a sallame ta ta koma gidan da abin ya faru, kwalbar tana nan a ƙarƙashin gado. Bai kamata a sallami irin wannan ba sai an zauna da ita ita kaɗai, da nas mace a wurin, an tambaye ta kai tsaye ko ta yi nufin ta mutu ne, ko tunanin yana nan har yanzu, da abin da ya faru kafin ta sha: duka ne, aure ne ba ta so, ko wani ya ci zarafinta. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Kafin sallama a sa iyaye su kwashe guba da magunguna daga ɗaki, a ba ta ranar dawowa cikin mako guda. Yaran garuruwan da 'yan bindiga suka ɗaiɗaita ma suna zuwa da ciwon ciki ko ciwon kai da gwaji bai nuna komai, ga fitsarin kwance bayan sun daɗe da dainawa, ga firgita cikin barci. Jihar da aka kwashi ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020 ba ta rasa irin waɗannan yara ba.

Horon ƙwararre yana da tsawo: shekara shida a jami'a, shekarar koyon aiki, bautar ƙasa, sannan wasu shekaru huɗu zuwa shida na ƙwarewa a fannin ƙwaƙwalwa, kafin a zurfafa a ɓangaren yara, kamar a cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa ta Jami'ar Ibadan. Ba za mu zauna jiran wannan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin mhGAP tun 2008 don koyar da likitoci da nas-nas da ba ƙwararrun fannin ba, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba da madogara.

Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina da shugabannin asibitocinmu na Katsina, Daura da Funtuwa shi ne a horar da aƙalla nas biyu a kowane ɗakin yara, ta yadda aikin dare ba zai rasa wadda ta iya ba. A sa doka a amsa takardar neman shawara cikin sa'o'i 24, wanda ya duba ya rubuta abin yi ɗaya bayan ɗaya da lambar da za a same shi, ya kuma dawo washegari. Inda babu likitan ƙwaƙwalwa, a haɗa asibitin da wani ƙwararre ta waya, a ware masa rana ɗaya a mako da zai bi fayilolin yaran tare da likitan da ke wurin.

Wassalam.

Wani ma'aikacin lafiya,
Katsina