Martani kan shirinku na masu gareji: a rubuta kuɗin gyara kafin a kwance mota

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne saboda maganar da baƙonku, wakilin masu gareji, ya yi a shirin ranar Lahadi, wadda mai gabatarwa ya bari ta wuce ba tare da ya ƙalubalance ta ba. Da wani mai sauraro ya tambaya ko ba zai yiwu gareji ya riƙa ba mai mota takardar ƙiyasin kuɗi kafin a taɓa motarsa ba, baƙon ya yi dariya ya ce sana'arsu ta amana ce, wanda kuma ya nemi takarda ya nuna bai yarda da mutane ba. Mai gabatarwa ya amsa da "haka ne", aka saka talla. Ba haka ba ne, Malam Edita, kuma raina ya ɓaci ƙwarai da jin gidan rediyon da nake saurare ya gaskata wannan magana.

Ina da wata tsohuwar Corolla da nake kai iyali Matamaye da ita. A bazarar da ta wuce ta fara zafi, na kai ta wani gareji a nan cikin gari. Maigidan ya ɗaga bonet, ya saurari inji, ya ce famfon ruwa ne, za a sa sabo, kuma kaya da kuɗin aiki duka jika ashirin da biyar na sefa. Muka shirya a kan haka, ya sa yaronsa ya rubuta lambar wayata da gawayi a jikin bango. Da na dawo ɗaukar mota, na tarar an cire kan injin an ajiye shi bisa buhu a cikin rairayi, an tara kusoshinsa a wani yankakken galan, yaro yana wanke su da man ruwa-ruwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin titi. Maigida ya ce da suka buɗe sun ga aikin ya fi yadda suka zata, kuɗi ya koma jika tamanin. Lambata tana nan a bango, amma babu wanda ya kira ni ya nemi izinina. Mutumin da aka riga aka kwance masa inji ba shi da sauran ciniki, domin ba zai tura motarsa zuwa wani garejin da kayan cikinta a galan ba. Na biya ina haɗiye fushi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne batun tsohon famfon. Na ce a ba ni shi, aka ce yara sun zubar. A Damagaram, inda masu sayen tsofaffin ƙarafa ke zagaya unguwa da sikeli, wane yaron gareji ne zai zubar da ƙarfe? Na ce to a nuna mini kwalin sabon, tunda an ce na asali ne an kawo shi daga Ƙofar Ruwa ta Kano, aka ce shi ma an yar. Ba a jima ba motar ta sake tafasa a kan hanya, da mata da yara a ciki, cikin tsakar rana. Makanikin da ya taimake mu a Kance ya haska mini wurin da tocila, ya nuna mini tsatsar da ke bakin famfon, ya ce wannan ya daɗe yana aiki, wanke shi kawai aka yi. Ko nawa ne aka mayar mini, ko na wata motar ne aka sayar mini da kuɗin sabo, oho.

Na koma garejin, maigida ya ce mota sai Allah, shi bai ba ni garanti ba. Na kai ƙara wurin mai unguwa, ya saurare mu cikin mutunci, sannan ya tambaye ni shaida ko wata takarda. Ba ni da faktir, wato takardar lissafin kuɗin aiki, ba ni da rasit, sai maganar baki, ita kuma kowa ya faɗi tasa. A nan ne amanar da baƙonku yake taƙama da ita ta tsaya: ta kare wanda ya karɓi kuɗi, ta bar wanda ya biya hannu wofi.

Ina tuna wa baƙon naku cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, kuma Musulmi aka yi wa umarnin a tsakaninsu. Rubutu bai taɓa zama zargi ba. Ƙasarmu Nijar ma tana da doka mai lamba 2015-24 ta 11 ga Mayun 2015, wadda ta tsara manyan ƙa'idojin kare masu saye, amma a tsawon shirin babu wanda ya ambace ta, balle a fassara mana ita da Hausa mu san haƙƙinmu. A Faransa dole ne gareji ya liƙa farashin aikinsa na kowace awa inda kowa zai gani. A jihar Kalifoniya ta Amurka, tun dokar 1971, ba a fara gyara sai an ba mai mota ƙiyasi a rubuce, ba a ƙara kuɗi sai da yardarsa, kuma idan ya nemi tsohon ƙarfensa tun farko dole a mayar masa. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar kwamfuta ko lantarki. Littafin rasit mai fitar da kwafi da biro sun isa, kuma ana sayar da su a Kasuwar Dole.

Na san wani zai ce da yawa daga cikin makanikanmu ba su yi boko ba. Wannan ba hujja ba ce, domin kusan kowane gareji yana da yaron da ya yi makaranta, ga masu rubutun ajami, ga kuma saƙon murya na WhatsApp wanda maigida zai iya turawa ya ce, "Alhaji, mun buɗe mun ga kaza, kuɗi zai kai kaza, mu ci gaba ko mu tsaya?" Na kuma san kaya sun yi tsada tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kuma akwai makanikai masu tsoron Allah da ke kwana cikin baƙin mai a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Su ne ma takarda za ta fi amfana, saboda akwai masu mota da ke karɓar aiki su yi musun kuɗin da aka shirya. Idan ma'aikatar magajin gari tana iya bin gareji-gareji tana karɓar patanti, wato harajin sana'a, to tana iya sharɗanta wa kowannensu littafin faktir, da faɗa wa mai mota gaskiya ko kayan da aka sa masa sabo ne ko na hannu, da ajiye masa tsohon ƙarfensa har ya zo.

Wani abin kuma, layin wayarku na kiran masu sauraro ya zama abin takaici. Na yi ta kira a ranar ina son in faɗi wannan a gaban baƙon, layi bai shiga ba, alhali tallar masu maganin gargajiya ta cinye kusan rabin lokacin shirin. Ku duba wannan.

Ina roƙon ku sake gayyato wakilin masu garejin, ku haɗa shi da jami'in ma'aikatar kasuwanci ta jiha da wani daga ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye, mai gabatarwa kuma ya tambaye shi kai tsaye: idan aikin na gaskiya ne, me zai rasa in ya rubuta kuɗinsa kafin ya ɗauki sifana? Kada a saka talla sai ya amsa.

Naku mai sauraro,
daga unguwar Birni, Damagaram.