A Ceto Tsofaffin Hotunan Jos

Ranka ya daɗe Edita,

A ba ni fili in yi kira kan tsofaffin hotunan Jos. Dattawan da suka ɗauki hotunan haƙar kuza da na Kasuwar Taminus kafin gobarar 2002 suna ta ƙarewa, magada kuwa sai su zubar da akwatunan fim, wai tarkace ne. Hotunan kitso da marigayi Ojeikere, shahararren mai ɗaukar hoto na Najeriya, ya fara ɗauka a 1968 sun zaga duniya ne don an adana su, har an buga littafi. Ya kamata Gidan Tarihin Jos, da aka buɗe a 1952, ya tattara namu, a buga su da bayani cikin Hausa.

Mai karatunku,
daga Unguwar Rogo, Jos