Kunun da kika zubar

Assalamu alaikum, autata.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da maigidanki. Mu nan sai godiya, gero ya fara fitar da kai.

Ranar da na zo miki Ringim na ga abin da ban iya faɗa a gaban mutane ba. Surukarki ta aiko yarinya da kunun tsamiya a kwanon sha, kika karɓa da fara'a, yarinyar na juya baya kika tuttule shi bayan ɗaki. Da na tambaye ki, kika ce ai ba a san abin da aka barbaɗa a ciki ba.

Wa ya koya miki wannan? Ba ni ba. Na dai ga wayarki jingine da tulu tun hantsi har la'asar, fim na bin fim, waɗanda mai cajin waya ke tura miki ranar kasuwa. A cikinsu uwar miji ba ta da aiki sai zaryar gidan boka, kishiya kuwa kullum da ƙullin magani a haɓar zani. Mai tsara labarin dole ya samo muguwa, ya yanke shirin daidai inda cikinki zai ɗuri ruwa, don ki dawo mako mai zuwa. Surukar da ke dama wa matar ɗanta kunu ba ta sa a sayi data, shi ya sa ba a nuna irinta. In kika ga abu sau ɗari, sai zuciya ta ɗauka haka duniya take.

Ba wai ni ba na kallo ba ne. Tun da aka buɗe Arewa24 a 2014 nake leƙawa maƙwabta in an ta da janareta, har ƙwalla na sha yi. Hukumar tace finafinai da Kano ta kafa a 2001 tana iya yanke rawa da shigar banza, amma ba ta da almakashin yanke zargin da ya shige miki rai.

Surukar nan taki ita ta kwana uku a kanki a asibiti lokacin da kika yi ɓari, ina nan ina jiran mota.

Na ba direba ƙullin daddawa da kuka. Ki zuba a kwanon nata, ki kai mata da hannunki, ki durƙusa ki gaishe ta. Babanki bai san zancen nan ba.

Mahaifiyarki.