Sikila: Binciken da aka yi a Kano bai iso mana da Hausa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Ni tela ne, shagona yana Idi-Araba a nan Legas, shekarata ashirin da uku a unguwar tun da na baro Malumfashi. Karatun bokona a sakandare ya tsaya. Abin da ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro shi ne ina da yaro mai amosanin jini, wanda yanzu aka fi sani da sikila, kuma na riga na binne yayarsa saboda wannan cuta.

A watan Disamba na 2023 mai shayin da ke gefen shagona ya leƙo da waya a hannu, bakinsa har kunne. Ya ce, "Malam, albishirinka!" Na ce goro. Ya ce Turawa sun gano maganin sikila, yanzu ya ji a labarai. Bai yi ƙarya ba. Ingila ta amince da maganin a watan Nuwamba, Amurka ta biyo baya a Disamba, sunansa Casgevy. Ana ɗibar ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiya, a gyara su a ɗakin bincike, a kashe tsohon ɓargonsa da magani mai ƙarfi irin na ciwon daji, sannan a mayar masa da gyararrun. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2. Wani Alhaji mai canji da nake wa ɗinki ya buga mini a kalkuleta, ya juyo da ita na ga sifili sun cika fuskarta. Ko babbar riga na ɗinka wa kowane magidanci daga nan har Agege, ba zan tara wannan kuɗi ba. Na gode wa mai shayi, na koma kan keke.

Labarin da ya shafe ni, wanda ya canza rayuwar gidana, ban taɓa jinsa a rediyo ba, ban kuma karanta shi da Hausa a ko'ina ba. Shi na zo in ba ka.

Marigayiyar tana da wata takwas hannuwanta da ƙafafunta suka fara kumbura, tana kwana tana tsala kuka. Kakarta ta aiko daga gida cewa sanyin Kurmi ne. Wata ta ce iska ce, kada a riƙa fita da ita da magariba. Maƙwabciyarmu Bayarabiya ta ce abiku ce, mu kuma a wajenmu aka fara raɗe-raɗin wabi. An yi rubutu, an yi turare, an yi jiƙo, kuma duk wanda ya kawo da kyakkyawar niyya ya kawo. Tana shekara huɗu zazzaɓi ya kama ta da daddare, kafin asuba tafin hannunta ya yi fari fat. A asibiti aka ce jininta ya ƙare. Ba a gama neman na ƙari ba ta cika. Allah Ya sa mai ceto ce.

Edita, Cibiyar Sikila ta Ƙasa tana nan Idi-Araba, tana fuskantar asibitin koyarwa na LUTH. Gidauniyar da Farfesa Olu Akinyanju ya jagoranci kafawa a 1994 ce ke gudanar da ita. Daga shagona a ƙafa nake zuwa. Na sha tsayawa a inuwar katangarta ina jiran danfo lokacin da 'yata ke gida tana fama. Ina iya karanta allon, amma ban san cewa abin da aka rubuta a kai sunan ciwon da ke cikin ɗakina ba ne.

Da ƙaninta ya fara irin wannan kumburi, maman yara ta ƙi sauraron kowa, ta ce asibiti. Gwaji ya nuna shi SS ne, wato mai cutar, ni da ita kuma kowa AS, wato muna ɗauke da gadonta amma ba mu da ciwon. Allah Ya haɗa mu da wata matashiyar likita 'yar Arewa da ta zo Legas samun horo. Na ce mata, "Likita, an ce ɗaya cikin huɗu ne, mu kuma mun riga mun ba da ɗaya. Ta yaya aka yi ya sake faɗowa kanmu?" Ta ga ina wasa da maɓallai a hannu, ka san aljihun tela ba ya rabo da su. Ta ce, "Baba, kawo huɗu, farare biyu, baƙaƙe biyu." Ta sa mini fari da baƙi a tafin hannu, ta sa wa maman yara fari da baƙi. Ta ce kowa ya rufe ido ya zaro ɗaya. Muka yi ta yi wajen sau goma sha. Wani lokaci fari da fari, sau da yawa fari da baƙi, sannan baƙi da baƙi, wato SS, ya fito sau biyu a jere. Ta ce, "Ka gani? Maɓalli ba ya tuna abin da ya fito ɗazu. Kowane ciki da ƙuri'arsa." Abin da na shekara shida ban gane ba, na gane shi kafin a kira la'asar.

Ita ce kuma ta gaya mini cewa ba tsinuwa ba ce a kan zuri'armu. Tun 1954 wani mai bincike da ya tashi a Kenya, Anthony Allison, ya nuna cewa mai AS ya fi samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa wannan gado ya yawaita a ƙasashen sauro, har ana kiyasin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da shi, kuma ana haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara. Garkuwar da ta tsare kakanninmu ce, idan ta haɗu biyu a jikin ɗa sai ta yi masa nauyi.

Yanzu ga zancen Kano. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba, sikila ba ciwon ƙashi kawai take kawowa ba. Jajayen ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe kamar lauje suna lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa, yaro ɗan shekara shida ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye kamar tsoho mai hawan jini. Idan ba a yi komai ba, kusan ɗaya cikin goma na masu SS yana gamuwa da haka kafin ya cika ashirin. Akwai na'urar da ke hango haɗarin tun kafin ya auku, ana ce mata TCD. Na ga an yi wa ɗana. Ya kwanta a gado, aka shafa masa wani abu mai yauƙi a tsakanin ido da kunne, aka ɗora wani ɗan abu kamar kan tocila. Ba allura, ba jini. Sai ƙara ta fito, fuu, fuu, fuu, kamar zugazugin maƙeri, shi kuwa yana dariya wai kansa yana numfashi. Gudun jini take aunawa. Idan ya kai santimita 200 a daƙiƙa, jijiya ta matse, yaro yana cikin haɗari. Na ɗana ya wuce 200.

A Amurka tun 1998 bincike ya nuna cewa ƙarin jini kusan kowane wata yana rage wannan haɗari da kimanin kashi 90 cikin ɗari. To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya taɓa yawon neman leda ɗaya ta jini da ƙarfe biyun dare a Ikko ya san ƙarin jini duk wata na shekara da shekaru ba zancen talaka ba ne. Wannan ne ya sa likitocinmu suka haɗa kai da na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka yi tambaya mai ma'ana: ƙwayar haidiroksiyuriya, wadda ake haɗiya sau ɗaya a rana, za ta iya tsare yaran nan? Aikin wannan ƙwaya shi ne ta sa jiki ya ƙara yin irin sinadarin jinin da jariri yake da shi tun yana ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. An yi binciken a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala a Kano, da Asibitin Barau Dikko a Kaduna, da yara 220 masu shekara biyar zuwa sha biyu waɗanda na'urar ta nuna suna cikin haɗari. Rabi aka ba su miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, rabi miligiram 20. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet Haematology a farkon 2022. A ɓangarorin biyu shanyewar jiki ta yi ƙasa sosai da abin da aka sani ga yaran da ba a yi wa komai ba, waɗanda suka sha mai yawan kuma sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti.

Ka duba fa, 'ya'yan Kano da Kaduna ne. Iyayensu mata ne suka riƙa hawa A Daidaita Sahu wata bayan wata suna kai su ana ɗibar jini. Likitocin da suka yi aikin da Hausa suke gaisawa. Amma da abin ya nuna, da Turanci aka rubuta shi a mujallar Landan, ni Bahaushe kuma sai a bakin likita a Legas na tsince shi, shi ma da sa'a. Ɗana yana shan ƙwayar shekara uku ke nan. A da, damina ba ta wucewa sai mun kwana asibiti sau uku ko huɗu. Bara sau ɗaya muka kwana. Ba warkewa ya yi ba, kuma kada wani ya karanta wannan ya ruga kemis. Magani ne da ke iya rage ƙwayoyin jini, sai likita ya auna yaro ya rubuta, ana kuma bin sa da gwaji. Kuɗinsa ma yana cizo, akwai watan da sai na zaɓa tsakaninsa da man janareta.

Da na ba wani aminina mai sayar da albasa a Mile 12 wannan labari, ya murtuke fuska ya ce, "Gwaji da 'ya'yanmu kuma? Ka manta 1996?" Ban manta ba. Lokacin annobar sanƙarau wani kamfanin magani na Amurka ya yi gwaji kan yara kimanin 200 a Kano, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma wannan tsoro yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003. Ban ga laifin aminina ba. Sai dai ni a ganina abin da ya lalata wancan shi ne rufa-rufa. In za a nemi jinin ɗana, a zaunar da ni a gaya mini da harshen da nake ji, a ba ni damar in ce a'a, in an gama kuma a dawo a gaya mini abin da aka gano. Wannan na ƙarshen ne ake yawan mantawa.

Masu cewa a koma na gargajiya ma ina da abin gaya musu. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta taɓa ɗaukar wani haɗin gargajiya mai masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta auna shi, ta gwada shi, ya zama maganin Niprisan. Daga baya kamfanin da aka ba lasisinsa ya durƙushe, maganin ya yi shekaru babu shi a kasuwa. Ba a raina itatuwanmu ba, awo aka yi musu. Mai tallan jarka a bakin masallaci da ke rantsuwa zai mayar da SS ya koma AA, wato marar gadon cutar, a tambaye shi wa ya auna nasa. Abin da ke raba mutum da cutar a ƙasar nan shi ne dashen ɓargo, wanda aka fara yi a birnin Benin a 2011, LUTH ma ta fara a 2024, kuma yana buƙatar ɗan'uwan da ɓargonsu ya dace da kuɗi masu nauyi.

Akwai ciwon da na'ura ba ta gani. Wani dare a wani asibiti, yaron yana murƙususu, wata ma'aikaciya ta dube shi ta ce raki ne. Wata rana kuma ya dawo daga makaranta ya ƙi cin abinci, sai da na matsa ya ce, "Baba, da gaske ne ba zan kai ashirin ba?" Wani yaro ne ya gaya masa. Na rasa ta cewa. Da muka je ganin likita sai ga wata mata a layi da furfura a goshi, ta haura hamsin, ita ma SS ce, ta zo da jikarta. Na ce ya je ya gaishe ta. Ranar ya ci tuwo har da ƙari.

Na ji Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, na kuma yi murna. Amma a nan, ɗaurin aure nawa ake yi kowace Asabar a Agege da Alaba Rago da Obalende ba wanda ya tambayi komai sai sadaki? Inda aka yi gwajin ma, sau da yawa sai an sa rana, an kai lefe, lokacin da ba mai iya janyewa. Limamin masallacinmu ya yarda zai yi magana, amma ya ce in kawo masa abu a rubuce da Hausa, don ba zai hau mumbari da ji-ta-ji-ta ba. Gaskiyarsa. Na nema ban samu ba.

Roƙona ke nan, Edita. Ka tura ɗan jarida zuwa asibitin Malam Aminu Kano ya zauna da waɗanda suka yi wannan bincike, ya tambaye su ina ake samun na'urar, daga shekara nawa ake kai yaro, nawa ne kuɗin ƙwayar, sannan ya rubuta mana yadda likitar nan ta yi mini da maɓallai. Ranar 19 ga Yuni ce ranar sikila ta duniya. In kun buga kafin nan, zan sa a fitar mini da kwafi hamsin, ɗaya na liman, sauran in ajiye a kan teburin yanka, duk wanda ya kawo ɗinkin aure in naɗe masa ɗaya a cikin kayansa.

Wassalam.

Naka,
Wani tela, mahaifin yaro mai sikila,
Idi-Araba, Legas.