Barka da Sallah daga Nashville, da maganar zauren Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yaya, da Inna, da Goggo, da dukan mutanen gida manya da yara. Barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi layyarmu, Ya dawo da alhazanmu lafiya, Ya maimaita mana. Yaya, don Allah ka karanta wa Inna wannan takarda a natse bayan an gama hidimar nama, domin akwai maganar da na kasa faɗa a waya.

Mu nan lafiya lau muke, jikokinku suna ta gaisuwa. Awa shida ke tsakaninmu, lokacin da kuke dawowa daga Idi mu nan gari bai waye ba. Mun yi sallah tare da Kurdawa da Somaliyawa da 'yan'uwa na Senegal da Gambiya. Babu garin da ya kai Nashville yawan Kurdawa a duk Amurka, kuma a shagunansu na titin Nolensville muke samun naman halal. Ragon kuwa a wata gona ta bayan gari aka yanka mana. Uwar yara ta soya, ƙamshi ya cika gida, amma ina ɗaukar tsokar farko sai na tuna yadda Baba yake zama a zaure yana kasa nama, yana cewa wannan na gidan liman, wannan na gidan marayu. Sai naman ya tsaya mini a wuya.

Yaya, shekaranjiya ka ce mini bana ba za a fito da Baba zaure ba, a ɗaki zai yi Sallarsa. Ka ce da ƙaramar Sallah ya tambayi baƙo ɗaya sunansa har sau uku, ya kira ka da sunan marigayi ƙaninsa, kuma ka ga mutane suna kallon juna. Na ji zafin da ke cikin muryarka, kuma ban ga laifinka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ku kuke kwana da shi, ni kuɗi kawai nake turowa. Amma ka bar ni in ba ka labarin wani mutum, in na gama sai ka yanke abin da ka gani.

Kun san aikina, ina kwana a gidan kula da tsofaffi, a ɓangaren masu ciwon mantuwa. Akwai wata tsohuwa da 'yarta ke zuwa duba ta kowace Lahadi, ba ta gane ta. Amma da zarar an sa faifan wani mawaƙi mai suna Glen Campbell, sai ta gyara zama ta bi waƙar daga farko har ƙarshe ba ta sarayar da baiti ko ɗaya. Wata abokiyar aikina ce ta ce mini ai shi ma mai waƙar irin wannan ciwon ne ya yi ajalinsa, kuma a nan garin ya rasu. Tun daga ranar na shiga bin labarinsa, har na kai yara gidan tarihin mawaƙan kantiri da ke tsakiyar gari. Kantiri shi ne kiɗan mutanen karkarar Amurka, irin na Don Williams ɗin nan da Kawu yake sa mana a mota in za mu Kaduna.

An haifi Glen Campbell a 1936 a wani ƙauye kusa da Delight a jihar Arkansas, cikin 'ya'ya goma sha biyu. Ubansa noman auduga yake yi a gonar wani, a raba amfani, gidansu ko lantarki babu. Yana ɗan shekara huɗu aka saya masa jita ta dala 5, wani kawunsa ya koya masa yadda ake riƙe ta. Bai yi nisa a makaranta ba, kuma har ya bar duniya bai iya karanta rubutun kiɗa ba, wanda Turawa suke bi kamar yadda ake bin allo. Da kunne yake ɗauka. Ya ji abu sau ɗaya, yatsunsa su fitar da shi.

A 1960 ya koma Los Angeles, ya shiga cikin makaɗan haya da ake kira situdiyo su yi wa manyan mawaƙa kiɗa a biya su su tafi, ba a ko rubuta sunansu a bayan faifai. Ya kaɗa wa Elvis Presley, ya kaɗa wa Frank Sinatra, ya kaɗa wa Merle Haggard. A ƙarshen 1964, da jagoran ƙungiyar Beach Boys ya kasa ci gaba da yawon wasa, shi aka ɗauka ya tsaya a gurbinsa na 'yan watanni. Nan ne labarin ya fara kama ni, Yaya. Riguna nawa Baba ya yi wa aska takwas da hannunsa, manyan mutane suka sa a hawan Sallah, aka yaba wa mai riga, ba wanda ya tambayi mai allura?

Shi dai Campbell, Allah Ya ɗaga shi daga baya. Waƙoƙinsa na 1967 suka ba shi kyautar Grammy huɗu a dare ɗaya, biyu a rukunin kantiri, biyu a rukunin waƙoƙin zamani. A 1968 ƙungiyar mawaƙan kantiri ta zaɓe shi gwarzon shekara. Daga 1969 zuwa 1972 yana da shirinsa na kansa a talabijin, duk mako yana shiga gidajen miliyoyin mutane. A 1975 waƙarsa Rhinestone Cowboy ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe, na kantiri da na zamani gaba ɗaya. Ya sayar da faifai sama da miliyan 45. A dandamali kuma mutum ne mai sakin fuska da raha, yakan ɗora jita a kan kansa ya ci gaba da kaɗawa da gudu ba tare da ya kalle ta ba.

Sai dai masu sharhin kiɗa ba su ba shi haƙƙinsa da wuri ba. 'Yan gargajiyar kantiri suka ce ya cika santsi, ya lulluɓe kiɗan karkara da gogen Turawa don ya burge mutanen birni. Matasan marubuta masu son kiɗan roka kuma suka ɗauke shi ɗan gayun talabijin mai faranta wa iyaye rai. Da ya fito a fim ɗin True Grit tare da John Wayne a 1969, shi John Wayne ya samu kyautar Oscar, shi kuwa aka ce bai iya wasan kwaikwayo ba. A wannan na yarda da su, na kalla, ba fagensa ba ne. Amma a maganar kiɗa sun zalunce shi. Kyan fuska da zaƙin murya suka rufe musu ido ba su dubi hannun ba. Makaɗa 'yan'uwansa ne suka san ko shi wane ne tun farko. Akwai waƙarsa Wichita Lineman ta 1968, a kan mai gyaran wayar tarho shi kaɗai a saman turke cikin fili fetal, yana begen wadda ya bari a gida. A tsakiyarta ya ari jita mai kaurin murya daga wata makaɗiya, Carol Kaye, ya kaɗa 'yan layuka kaɗan, a hankali, ba gaggawa ba burga. Mutumin da zai iya gudu da yatsu fiye da kowa a ɗakin, ya zaɓi ya yi kaɗan. Nakan saurare ta in na taso aiki da asuba, domin wanda ke nesa da gida ya san abin da take nufi.

Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Giya da hodar iblis sun ci shekaru masu yawa na rayuwarsa, aurensa uku suka mutu kafin na huɗu ya zauna. A 2003 aka kama shi a Phoenix yana tuƙi a buge, ya yi kwana goma a tsare. Duk da haka a 2005 aka shigar da sunansa cikin manyan kantiri a gidan tarihin da na ambata.

Yanzu ga inda nake so ka saurara. A watan Yuni na 2011 shi da matarsa suka fito suka gaya wa duniya cewa likitoci sun tabbatar yana da cutar Alzheimer, wato ciwon mantuwa. Dalilin da matar ta bayar shi ne zai ci gaba da wasa, kuma ba ta so in ya manta baiti ko ya rikice a gaban jama'a a ce ya koma shan giya. Gara mutane su san gaskiya. Suka shirya yawon bankwana na 'yan makonni, ya zama wasa 151. 'Ya'yansa uku suna bayansa a dandamali: ɗaya a ganga, ɗaya a jita, 'yar kuma a banjo. Banjo ɗin nan in ka gan ta sai ka tuna gurmi, kuma ba banza ba, bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka fara haɗa ta da ƙwarya da fata. An sa masa allo a gabansa yana nuna masa baitocin waƙoƙin da ya shekara arba'in yana rerawa. Wani lokaci ya gama waƙa ya sake ɗauko ta, 'yar ta matso ta gaya masa a hankali cewa an yi wannan. Wani lokaci sunan 'yar ma ya ɓace masa. Amma in aka zo wurin da jita za ta yi magana ita kaɗai, sai yatsun su tafi inda suka saba.

Na ga hotunan bidiyon, na yi kuka ba sau ɗaya ba. Kuma abin da nake gani kullum a wurin aiki ke nan. Abin da hannu ya shekara hamsin yana yi ba wuri ɗaya yake zaune a ƙwaƙwalwa da sunayen mutane ba, shi ya sa yakan daɗe bayan sunaye sun tafi.

An yi ta muhawara a kan yawon. Wasu suka ce bai dace a fito da mara lafiya gaban jama'a ba, ana neman kuɗi da lalurarsa. Wasu marubutan kuma, irin waɗanda a da suke ganin ɗan gayu ne kawai, sai a lokacin suka rubuta cewa yana cikin manyan makaɗan jita na zamaninsa. A 2012 aka ba shi Grammy ta girmamawa kan aikin rayuwarsa. Ni a ganina iyalinsa sun yi daidai da suka fito da shi, domin duk wanda ya kalla zai ga a dandamalin ne yake komawa mutumin da yake. Kuma sun yi daidai da suka tsaya. Wasan ƙarshe, a garin Napa na Kalifoniya ranar 30 ga Nuwamba 2012, ya yi masa nauyi ƙwarai, suka gane lokaci ya yi. Daga baya aka kai shi gidan kulawa a nan Nashville, ya rasu ranar 8 ga Agusta 2017 yana da shekara 81, aka mai da shi ƙauyensu aka binne shi a maƙabartar danginsa.

Na sani Baba ma ranar za ta zo da zaure zai fi ƙarfinsa. Amma ba ta zo ba tukuna. Inna ta gaya mini har yanzu yana jan Yasin da ka bayan asuba, kuma rannan ya karɓi hular Auta ya nuna masa inda mai ɗinkin ya yi ha'inci. Wannan ba mutumin da za a rufe a ɗaki ranar Sallah ba ne.

Ga roƙona. Gobe da hantsi, lokacin da hankalinsa ya fi zama, a shimfiɗa masa buzunsa a zaure. Ka gaya wa masu zuwa gaisuwa tun daga ƙofa cewa Malam yana fama da ciwon mantuwa, ciwo ne kamar hawan jini, ba jifa ba ne, ba taɓin hankali ba ne. Kowa ya faɗi sunansa da na ubansa in ya durƙusa, kada a ce masa "ka gane ni?", wannan tambayar tana firgita su. In ya kira ka da sunan marigayi, ka amsa. A shigo da mutane biyu-biyu, ban da hayaniyar yara, in ya gaji a mai da shi ciki. Sannan a ɗauko masa akwatinsa na ɗinki, a zura masa zare, a ba shi ƙyalle mai zane a kai, wani ya zauna kusa da shi saboda allurar. Ko layi ɗaya ya yi, ya isa.

Bayan Sallah kuma a kai shi asibiti wurin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai mantuwar da ƙarancin wasu sinadarai a jini ko matsalar maƙoƙo ke kawowa, ita tana da magani, sai an gwada ake sani. Na turo kuɗin wannan daban da na rago, suna hannunka.

Inna, Allah Ya saka miki da Aljanna, na san rabin nauyin nan a kanki yake. Goggo, jikarki ta ce a ajiye mata kason soyayyen namanta. A gaishe da liman da maƙwabta duka. Yaya, in Baba ya ɗinka wani abu a ƙyallen nan, kada a warware ko ya karkace. Ka ɗauki hotonsa ka turo mini, shi kuma ƙyallen ka ajiye mini har in zo.

Wassalam,
ƙaninka, daga Nashville, ran Babbar Sallah.